Zobba Shida na Roba

Da ƙarfe 9:15 na safiyar Alhamis, 5 ga Mayu, 1983, wata 'yar fitila ta kama a gaban injiniyan wani jirgin sama da ya fara gangarowa zuwa Nasau, babban birnin tsibiran Bahamas. Abin da fitilar ke nufi shi ne ƙarfin baƙin mai ya yi ƙasa a inji na biyu. Jirgin na kamfanin Eastern Air Lines ne na Amurka, ƙirar Lockheed L-1011, wanda ake yi wa laƙabi da TriStar saboda injinansa uku: ɗaya a ƙarƙashin fiffiken hagu, ɗaya a ƙarƙashin na dama, ɗaya kuma can baya a gindin wutsiya. Wannan na wutsiyar shi ne na biyu a lissafi. Minti 19 ke nan da tashinsu daga Mayami, ɗauke da fasinjoji 162 da ma'aikata 10. Tafiyar gajeriya ce, kimanin kilomita 300 a kan teku, irin wadda kafin mutum ya gama kurɓar shayinsa an ce ya ɗaura bel za a sauka.

Mutum uku ne a ɗakin tuƙi. Kyaftin Richard Boddy, ɗan shekara 58, ya yi sama da awa 12,000 yana tuƙa jirage, amma a irin wannan jirgin baƙo ne, awa 13 kacal ya yi a cikinsa. Shi ya sa aka haɗa shi da Kyaftin Steve Thompson, mai shekara 48 da kusan awa 17,000, domin ya zauna a gefensa yana lura da aikinsa. A bayansu kuma injiniya Dudley Barnes ne, ɗan shekara 44, zaune gaban allon geji-geji. Duk cikinsu shi ya fi sanin TriStar, don ya yi awa 2,666 a cikinsa.

Barnes ya duba gejin. Allurar tana rawa tsakanin 15 da 25, alhali a ƙa'ida bai kamata ta sauka ƙasa da 30 ba. Kyaftin bai tsaya jan magana ba, ya ce a kashe injin. A lokacin ba wani abin tashin hankali ba ne. An ƙera TriStar ta yadda zai ci gaba da tafiyarsa lafiya lau da inji biyu, kuma duk matuƙi ya sha gwada hakan a wajen horo. Abin da ya rage shi ne a san inda za a sauka. Nasau na gabansu, bai fi mil 50 ba, amma yanayi ya fara ɓaci a can, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa. Mayami kuwa gidan kamfanin ne, can garejinsa yake da kanikawansa da kayan gyaransa. Sai suka juya akalar jirgin suka koma inda suka fito.

Ba su yi nisa ba, fitilun sauran injinan biyu suka kama. Barnes ya kai ido kan gejin da ke nuna yawan man da ya rage a tanki. Na inji na ɗaya, sifiri. Na biyu, sifiri. Na uku, sifiri.

Da ƙarfe 9:23 suka kira masu kula da zirga-zirgar jirage a Mayami suka gaya musu abin da suke gani. Amma sun ƙara da cewa a ganinsu geji-gejin ne suka rikice, domin abu ne mai wuyar gaske a ce injina uku sun rasa mai a lokaci guda. Wanda ya san ƙarshen labarin yana iya jin haushin wannan magana. Ni ban ga laifinsu ba, don lissafinsu daidai yake. Kowane inji da tankinsa na baƙin mai, da famfonsa, da bututunsa. Babu wata hanya da man wannan zai bi ya shiga wancan. Da gangan aka raba su haka, saboda ciwon ɗaya kada ya shafi 'yan'uwansa. Abin da ya haɗa su a ɗakin tuƙi shi ne wayoyi da allon geji, don haka idan ukun suka yi kuka da murya ɗaya, hankali allon zai fara zarga.

Ban da haka, kamfanin yana da tabon da wata 'yar fitila ta bar masa. A daren 29 ga Disamba, 1972, wani TriStar ɗinsa na shirin sauka a wannan filin na Mayami, sai fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kanta suna ƙoƙarin gano matsalar, ba su ankara ba jirgin yana ta yin ƙasa sannu a hankali cikin duhu, har ya faɗa fadamar Everglades. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika, tayar lafiyarta ƙalau, ƙwan fitilar ne ya ƙone. A wancan daren fitila ce ta yi ƙarya. A wannan safiyar kuwa duk fitilun gaskiya suke faɗa.

Da ƙarfe 9:28, suna ƙafa 16,000 a sama, inji na uku ya mutu. Shakka ta ƙare. Saura inji ɗaya, na hagu, shi ma gejinsa sifiri yake nunawa. Suka koma kan na wutsiyar da suka kashe da hannunsu, suna neman su tashe shi. Suna cikin haka, bayan minti biyar, na hagun ma ya ɗauke.

Wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san rugugin nan da ke cika kunne tun daga tashi har sauka, wanda bayan ɗan lokaci mutum ke mantawa da shi. A wannan jirgin sai rugugin ya yanke. Fitilun ciki suka mutu, wasu na'urorin ɗakin tuƙi suka tsaya. Ƙaton jirgi mai faɗin ciki, da rayuka 172, ya zama abin da iska kawai ke riƙe da shi, yana gangarowa ƙafa 1,600 a kowane minti. A ƙarƙashinsa babu komai sai tekun Atlantika.

Tun mutuwar inji na uku aka kira shugabar ma'aikatan cikin jirgi aka ce ta shirya fasinjoji, ana iya sauka a kan ruwa. Ba a gaya mata ko minti nawa take da su ba, don haka ita da abokan aikinta suka ɗauka abin ya zo gab, suka yi ta gaggawa. Masu bincike sun rubuta daga baya irin wahalar da mutane suka sha da rigunan ceto: wasu sun kasa zaro su daga ƙarƙashin kujera, wasu sun kasa yaga ledar, wasu sun rasa yadda ake ɗaura igiyoyin, ga iyaye na fama da nasu da na 'ya'yansu. Da inji na ƙarshe ya tsaya, aka yi sanarwa daga ɗakin tuƙi cewa faɗawa ruwa ta matso. Ma'aikatan suka yi ta ɗaga murya kowa ya sunkuya ya riƙe kansa. Mutane suka duƙa suna jiran bugun da zai zo. A can gaɓa kuma dakarun tsaron teku sun riga sun tayar da jiragensu na sama da na ruwa, don masu kula da zirga-zirga sun sanar da su cewa da wuya jirgin ya kai tudu.

Daga ƙafa 13,000 suka faro wannan gangara ba inji ko ɗaya. Aka gwada tayar da na wutsiya, ya ƙi. Aka sake, ya ƙi. Ƙafa 9,000 suka zube a cikin minti biyar da 'yan kai. A wajen ƙafa 4,000, wato kimanin mita 1,200 tsakaninsu da ruwa, abin da bai fi tafiyar minti biyu da rabi ba a irin gudun da suke saukowa, aka gwada karo na uku. Injin ya kama.

Dalilin da ya sa ya kama shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. Sauran biyun sun yi ta juyawa ba mai har sai da suka cinye kansu, boris ɗinsu ya ƙone, suka buga. Wannan kuwa an kashe shi tun fitilarsa ta fara gargaɗi, kafin ɓarna ta yi nisa a cikinsa. Umarnin da kyaftin ya bayar da ƙarfe 9:15, a lokacin da bai san komai game da abin da ke tafe ba, shi ne ya ajiye musu injin da za su koma wa. Da ya ce a bar shi ya ɗan ƙara tunda Nasau ta kusa, da ukun sun ƙone kusan tare. Ba wata dabara ta musamman ya yi ba. Littafin aiki ya ce idan allura ta sauka ƙasa da kaza a kashe, shi kuma ya kashe.

Da wannan inji guda, wanda shi ma kusan a bushe yake, suka lallaɓa zuwa Mayami. Fasinjoji na nan a duƙe har sai da labari ya iso musu cewa a kan ƙasa za a sauka. Da ƙarfe 9:46 tayoyin suka taɓa titi, minti 50 cif bayan tashinsu. Injin da ya kawo su ya riga ya ba da iyakar abin da ke gare shi, ko ƙarfin da zai tura jirgin zuwa wurin sauke fasinjoji ba shi da shi. Sai da aka kawo motar jan jirgi ta ja shi. Mutane suka fito da ƙafafunsu, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Daga baya ƙungiyar matuƙan jiragen sama ta karrama Boddy da Thompson da Barnes saboda gwanintar da suka nuna.

Gano musabbabin bai ɗauki lokaci ba. A jikin kowane injin, ƙirar Rolls-Royce RB211, akwai wata 'yar toshiya da ake zurawa a hanyar da baƙin mai ke bi, abin da bai fi a dunƙule shi a tafin hannu ba. A bakinta akwai mayen ƙarfe. Idan boris ko haƙorin giya ya fara cinyewa a cikin injin, ɓurɓushin ƙarfen yakan biyo mai, ya zo ya manne a jikinta. Bakanike ya zare ta ya duba, idan ya ga ƙurar ƙarfe ya san akwai ciwo a ciki tun kafin ya bayyana. Mai gadi ce ke nan, aikinta ta yi gargaɗi da wuri. A wuyanta kuma akwai gurbin zobba biyu na roba, waɗanda ke toshe ɗan sararin da ke tsakaninta da ramin da take shiga. Da aka zare toshiyoyin jirgin nan guda uku, kowacce an ɗaura ta daram a mazauninta, amma babu zobe ko ɗaya a jikinsu. Zobba shida ke nan. Ta nan man injina uku ya tsiyaye cikin iska.

Mai tsohuwar mota ya san wannan yoyon. Ka wayi gari ka ga baƙin ɗigo a ƙasa inda ta kwana, ka kai ta gareji, bakanike ya leƙa da tocila ya ce sil ne ya mutu, ko a gindin wata sensa ko a wajen suwic ɗin mai. Aikin zoben iri ɗaya ne a mota da jirgi. Yana zaune a cikin tsagi, ƙarfe biyu suna matse shi, shi kuma saboda roba ne yana turo su yana neman komawa siffarsa. Idan mai ya taso da ƙarfi, sai ya ƙara danna zoben cikin kusurwa, toshiyar ta ƙara kamawa. Zafi da daɗewa su ke kashe shi. Robar takan bushe ta yi tauri, ta baje ta ƙi dawowa, daga nan ta tsattsage. Shi ya sa bakanike na ƙwarai ba ya mayar da tsohon zobe. Sabo yake sawa, ya ɗan shafa masa mai don kada ya murɗe ko ya yage wajen shiga, sannan ya tayar da injin ya tsaya yana kallon wurin. Wannan tsayuwar ta ƙarshe rabin aikin ce, domin inji a kashe ba ya yoyo irin wannan. Sai famfo ya tura mai da ƙarfi sannan ɓaraka ke nuna kanta.

A da, ba kullum ake zare toshiyoyin nan ba. Amma a 1981 aka sami matsalolin boris a irin waɗannan injina, sai aka matse lokacin dubawa, har ya zama kusan duk daren da TriStar ya kwana a tashar da kamfanin ke da kanikawa, sai an cire su an sa wasu. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don a ƙara tsaro. Sai dai duk lokacin da aka buɗe hanyar mai, an buɗe ƙofar kuskure. Aikin da ake yi jefi-jefi, wanda mutum zai tsaya ya karanta takarda kafin ya fara, ya koma aikin kowane dare da hannu ke yi da kansa.

Jirgin ya iso Mayami a daren 4 ga Mayu. Bayan tsakar dare aka ba kanikawa biyu katin aikin. Katin ya faɗi abin da za a yi: a cire tsohuwar toshiya, a sa wa wadda za a mayar sababbin zobba, a ɗaura, a juya injin a duba ko akwai yoyo, a sa hannu. Yadda aka saba, bakanike yakan je ofishin shugaban kanikawa ya buɗe wani kabad ya ɗauko toshiyoyin da za a sa. Kuma na kabad ɗin nan kullum da zobbansu a jiki suke zuwa. Haka aka yi ta yi dare bayan dare, har layin nan na katin da ya ce a sa zobba ya zama rubutu kawai. Ana sa hannu a kansa, zobban na nan, jirage na tashi suna dawowa lafiya.

A wannan daren sai aka tarar kabad ɗin babu komai. Ɗayansu ya wuce sito ya karɓo wasu. Na siton a cikin leda suke a rufe, kowacce da takardar shaidar cewa lafiyarta ƙalau, ana iya amfani da ita. Takardar ba ƙarya ta yi ba, toshiyoyin lafiyarsu ƙalau. Amma na sito ba a sa musu zobba, don a tsarin kamfanin mai ɗaurawa ne zai sa. Wanda ya karɓo ya ɗauki biyu ya nufi injinan fiffike, yana aiki da hasken fitilun motar jan jirgi. Abokinsa ya ɗauki ta ukun ya hau can sama wajen injin wutsiya. Kowannensu ya zare tsohuwa ya zura sabuwa ya murɗa, ta zauna yadda ta saba zama. Babu abin da ya gaya wa yatsunsu cewa yau ba kamar jiya ba ce.

Saura gwajin yoyo, wanda shi ne shinge na ƙarshe. Suka juya kowane inji da sitata, ba tare da an ba shi man da zai kama ba, na kimanin daƙiƙa 10. Aka duba, ba a ga ɗigo ba. Katin bai faɗi tsawon lokacin da za a juya ba, cewa kawai ya yi a juya a duba. Da masu bincike suka maimaita gwajin da toshiya marar zobe, sai suka gano cewa man ba ya fara ɓullowa sai an yi kamar daƙiƙa 30 ana juyawa. Daƙiƙa 20 ke nan tsakanin mutanen nan biyu da ganin mai yana zuba a gabansu. Suka rufe murafen, suka sa hannu cewa an sa sababbin zobba, an gwada, babu yoyo.

Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma waɗannan ba wawaye ba ne. Ƙwararru ne da suka yi shekaru a bakin aiki, kuma sun yi wannan canjin sau da yawa ba tare da matsala ba. Wannan ne ma ya sa labarin ke ba ni tsoro. Sabon ɗan koyo da aka miƙa wa katin a karon farko wataƙila da ya tsaya a layin zobba ya tambaya ina suke. Wanda ya daɗe kuwa, gogewarsa ce ta koya masa cewa zobba na nan kullum, kuma har zuwa wannan dare gogewar ba ta taɓa yaudararsa ba. Wannan ba ya wanke su. Sun sa hannu a kan abin da ba su yi ba, kuma sa hannun bakanike a katin jirgi amana ce da matuƙi ke ɗora ransa a kai, don shi ba zai buɗe inji ya duba ba. Amma wanda ya tsaya a kansu su biyu bai kai ga tushen abin ba.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ba ta tsaya a kansu ba. A rahoton da ta fitar a 1984 ta tono cewa tsakanin Satumban 1981 da Mayun 1983, sau 12 jiragen TriStar na kamfanin suka yi asarar mai a sama saboda yadda aka ɗaura wannan toshiya, har ta kai ga kashe inji ko saukar da ba a shirya ba. Sau 12 cikin wata 20. Kowane karo inji ɗaya abin ya shafa, jirgi ya sauka lafiya da sauran, aka ɗauke shi a matsayin sakacin mutum ɗaya, aka ja masa kunne ko aka hukunta shi. An gyara rubutun katin, an fitar da takardar ƙarin bayani, amma ba a bi sawu an tabbatar ta kai ga masu riƙe da sifana ba, ba a kuma sauka filin da dare an ga yadda ake aikin a zahiri ba. Hukumar ta ɗora laifi hawa-hawa: kanikawan da ba su bi ƙa'ida ba, shugabanninsu da suka daɗe ba sa tilasta bin ta, da manyan kamfanin da suka kasa gane abin da maimaituwar ke nunawa. Ta haɗa har da jami'an hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, waɗanda labarin abubuwan da suka faru a baya ya kai gare su amma ba su ba shi nauyin da ya kamata ba.

A nan ne nake ganin asalin ɓarnar. Tsarin inji uku, wanda aka yi don ya kare rayuka, shi ne ya rufe idon mutane. Tunda kowane karo sauran injinan suna ɗauke nauyin, ba a ga gawa ba, ba a ga tarkace ba, sai kowane gargaɗi ya zo ya wuce kamar ƙaramin abu. Babu wanda ya jera goma sha biyun a gabansa ya tambayi kansa abin da zai faru ranar da kuskuren ya faɗa kan injinan duka a dare ɗaya. Alhali hanyar hakan a buɗe take: kati ɗaya, sito ɗaya, dare ɗaya, mutane biyu masu sabo iri ɗaya. Masu ƙera jirgin sun raba tankuna da famfuna da bututu don kada komai ya haɗa injinan. Abin da ya haɗa su bai bi ta bututu ba, ya biyo ta hannun mutum. Lissafin da matuƙan suka yi da ƙarfe 9:23, cewa da wuya uku su lalace tare, gaskiya ne ga injinan da kowanne ke da nasa rabon. Waɗannan kuwa tun kafin asuba aka ƙulla rabonsu wuri ɗaya.

Bayan abin, an gyara tsarin aikin, an fayyace tsawon lokacin da za a juya inji a gwajin yoyo. A yau kuma, a dokokin jirage masu inji biyu da ke tsallaka manyan tekuna, akwai sharaɗin da ya ce a guji barin bakanike ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kan injinan biyu a zama ɗaya, idan kuma ba makawa to a ƙara bincike da gwaji kafin jirgin ya kama doguwar hanya. Malaman da ke koyar da kanikawan jirage illar sabo da gajiya da aikin dare sun daɗe suna kafa misali da jirgin Nasau. Shi kamfanin Eastern bai yi tsawon rai ba, ya rufe a watan Janairun 1991 saboda matsalolin kuɗi da rikicin ma'aikata.

A watan Nuwamban 1997, shekara 14 bayan wannan, wani jirgi ƙirar BAe 146 mai inji huɗu ya tashi daga sansanin Northolt a Ingila. Na rundunar sojan sama ne, daga sashen da ke ɗaukar 'yan gidan sarauta da manyan gwamnati, ko da yake a ranar atisaye ya fita. Bai daɗe a sama ba ƙarfin mai ya fara faɗuwa a injinansa, matuƙan suka yi saukar gaggawa a filin jirgin Stansted, kowa ya tsira. An yi wa jirgin aiki kafin tashinsa, an canza masa toshiyoyin mayen ƙarfe. Da aka zare su daga injinan huɗu, babu zoben roba a jikinsu.